Daga Bunkure Zuwa Birni: Wani Tsohon Gida Na Sayarwa

Duk wanda ya san ƙasar Kura da Bunkure shekara hamsin da suka wuce, in ya dawo yau sai ya yi ta tambaya ko nan ne. Ruwan Tiga ne ya sake mata kama. Tun da aka gama madatsar Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka haƙa magudanai aka jawo ruwa zuwa Kadawa da Garun Malam da Kura da Bunkure, manomin da dā yakan ɗaure kayansa bayan kaka ya tafi cin rani, yanzu a gonarsa yake cin raninsa. Da damina shinkafa, da rani kuwa alkama ko tumatir ko albasa ko masara. Ba kowa ne ya yi arziki ba, gama taki da tsada, tumatir kuma yakan ruɓe a Kwanar Gafan in kasuwa ta faɗi. Amma waɗansu sun samu. Mutumin karkarar Kano kuwa in ya samu, bayan ƙarin gona, ba abin da yake so kamar a ce yana da gida a birni.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan maƙwabcina ne, wani Alhaji manomin shinkafa, wanda muka daɗe muna zaman lafiya da shi, katanga ɗaya ce tsakaninmu. 'Ya'yansa biyu suna koyon ciniki a Kantin Kwari, suna kwana a ɗakin haya. Sai wani dillali ya kawo masa labarin wani tsohon gidan ƙasa na gado da za a sayar a cikin birnin Kano, tsakanin Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi. Ya ce mini, "Malam, kai ne mai karatun boko, zo ka raka ni ka duba mini takardu." Takardun ba su da yawa, kamar yadda za ku ji a gaba. Gidan kansa ne ya ba ni abin rubutawa, domin na ga yadda ake yi wa gida kuɗi da awon tsawo da faɗi, alhali kuwa gininsa da tarihinsa da maƙwabtansa ba wanda ya sa su a lissafi.

A Kan Hanya

Muka tashi da sassafe cikin watan Janairu, hazo ya rufe gonaki, alkama ta yi kore shar a gefen magudanai, balbelu suna bin masu ban ruwa. A Karfi hanyarmu ta haɗu da babban titin Zariya. Wanda ya karya hagu zai isa Kura, garin masu casar shinkafa a yau, garin marina a dā. Ku riƙe sunan nan, gama za mu sake gamuwa da shi a cikin gidan da za mu gani. Mu dama muka yi, muka haye gadar Tamburawa a kan kogin Challawa, muka wuce Na'ibawa, har motarmu ta sauke mu. Daga nan sai a daidaita sahu, tun da yake an hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun shekarar 2013.

A Ƙofar Mata muka sauka, inda dillali yake jiranmu. Nan ne baƙo zai fara gane cewa ya shigo wurin da ya girme shi nesa. Masu tarihi sun ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar Kano wajen ƙarni na 12, sa'an nan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Daf da ƙofar akwai tsohuwar marina, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta. Yawancin ramukan sun bushe, amma har yanzu akwai 'yan kaɗan da ake tsoma zane a ciki, marina suna zaune a baki hannuwansu sun yi shuɗi har gwiwar hannu.

Unguwa

Da muka bar titi muka shiga lungu, sai hayaniyar motoci ta yanke kamar an rufe ƙofa. Lungun ba ya ɗaukar mota, mai kurar ruwa ma sai ya jira wani ya wuce. Kwata tana bi ta tsakiya, yara suna tsallake ta ba su ko duba ƙasa. A wannan zaure maɗinka suna yi wa babbar riga aiki da allura, a wancan ana wanke hula ana ɗora ta a kan gungume, can kuma wata yarinya tana tallan ƙosai. Kowane dattijo da muka wuce a kan dakali sai mun tsaya mun gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, ya dubi dillali da ido irin na wanda ya san abin da ya kawo mu.

Sunayen unguwannin birni su kansu littafin tarihi ne. Agadasawa, watau mutanen Agadas. Tudun Nufawa, inda Nufawa suka zauna. Ayagi, mazaunin Yarabawa na dā. Zangon Barebari, inda fataken Barno suke sauka. Dandalin Turawa kuwa Larabawan Gadamas da Tarabulus ne suka zauna a can, gama kafin zuwan Ingilishi su ake ce wa Turawa. Wannan ya nuna cewa birnin Kano ya daɗe da sanin baƙo, kuma yawancin waɗanda a yau suke ce wa kansu 'yan asalin birni, kakanninsu da kaya a ka suka shigo, suka sami mai masauki, suka sayi gida kamar yadda Alhaji yake nema ya saya.

Ga mai sana'a, da wuya a sami wurin da ya fi wannan dacewa. Da ƙafa za a je Kurmi, da ƙafa za a je Kwari, asibitin Murtala yana kusa, haka kuma babban masallacin Jumma'a da gidan Sarki. Amma wurin yana da nasa wahala. Ruwan famfo ba ya zuwa sai jefi jefi, sai a sayi na 'yan garuwa. Kududdufan da dā suke shanye ruwan sama an cike da yawansu an yi gini a kai, saboda haka da damina kwata takan cika ta shiga gidaje. Mara lafiya kuma sai an ɗauke shi a hannu zuwa bakin titi.

Gidan Kansa

Daga waje gidan ba ya alfahari. Bango ne ja mai kauri, da zankaye biyu a saman zaure kamar kunnuwan zomo, da indararo da suka leƙo kan lungu. A saman ƙofa akwai sauran zane, ana iya gane dagi a tsakiya, ko da yake ruwan sama ya cinye gefensa. Ƙyauren na katako ne mai nauyi, an ɗaɗɗaure shi da ƙarfe irin aikin maƙeran dā. Dakalin ƙofar gida ya yi sulɓi saboda yawan zama.

Da muka sa ƙafa cikin zaure, sai dukanmu muka ɗaga kai. Bakan gizo huɗu sun taso daga bango, sun lanƙwaso sun haɗu a tsakiyar rufi, inda aka kafa wata tsohuwar tasa. Wani tsohon magini da yake zaune a lungun, wanda ya biyo mu ba tare da an kira shi ba, ya ce wannan shi ne ɗaurin guga, domin ya yi kama da yadda igiyoyi suke haɗuwa a kan gugar rijiya. Ya bayyana mana dalilinsa. Azara, watau itacen giginya da aka tsaga, gara ba ta cinta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce wajen ƙafa shida. To, in ana son ɗaki mai faɗi sai magini ya riƙa jera azara daga bango, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, yana ɗaurewa da igiya yana rufewa da ƙasa, har hannu biyun su gamu a sama. Ba ƙarfe, ba siminti, ba takardar zane, ga shi kuwa ya fi shekara ɗari a tsaye.

Na tambaye shi, "Baba, bangon fa, me ya sa gindinsa ya yi kauri haka?" Ya ce da tubali aka yi shi, wanda ake mulmulawa da hannu kamar ƙaton ƙwai mai tsini, a shanya a rana ya bushe. Ƙasar daga kududdufi ake haƙo ta, a cuɗa ta da ciyawa da kashin doki, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta jiƙu. A gindi ana jera tubali da yawa, ana hawa ana ragewa, shi ya sa bangon yake sirancewa a sama. Kaurin nan ne yake tsare zafin rana da bazara, sai dare ya yi ya sake shi a hankali, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Ranar da muka je iskar hunturu tana kaɗawa a waje, amma a cikin zauren sai da Alhaji ya cire mayafinsa.

Bayan zaure akwai fili, da ɗaki ɗaya na samari da baƙi, da wurin da dā turken doki yake. Sa'an nan shigifa, wadda ƙofarta ba ta fuskantar ta zaure, domin kada mai wucewa ya hango cikin gida. Ita ce iyakar baƙo namiji. Da yake mata sun riga sun tashi, aka ba mu izini muka wuce. Tsakar gida tana da faɗi, ɗakuna biyar sun kewaye ta, ga madafa da bangonta ya yi baƙi ƙirin, ga rijiya, ga wata tsohuwar bishiyar darbejiya. Daɓen ɗakunan har yanzu yana sheƙi. Aikin mata ne, su ne suke taruwa da madaɓai su buga marmara suna yayyafa ruwan makuba, har ƙasa ta yi tauri kamar dutse. A kusurwa ɗaya matakala ta hau zuwa bene, turakar maigida ke nan. Daga kan soron muka hango Dutsen Dala da Goron Dutse, da rufin kwano iyakar ganin ido, sai ɗaiɗaikun soraye irin wanda muke tsaye a kai.

A nan maginin ya durƙusa ya ƙwanƙwasa rufin da ɗan yatsa, ya ce, "Alhaji, ka ji? Laso ne." Laso shi ne simintin mutanen dā. Ana haɗa shi da katsi, watau dattin da yake kwantawa a gindin ramin rini, wanda ake kwashewa a ƙona a daka, a gauraya da gashin awaki daga majema da ruwan dafara. In an shafe rufi da shi ruwa ba ya ratsawa. Bangon waje kuma da makuba ake shafe shi, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Watau marini da majemi da magini hannunsu a haɗe yake, abin da wannan ya zubar shi wancan yake nema. Da marina suka mutu sai katsi ya yi wuya, rufin soro kuma ya rasa maganinsa.

Ba zan ɓoye muku lahanin gidan ba. Ɗaki ɗaya rufinsa ya rufta an maye shi da kwano. Wani bango kuma an yi masa filasta da siminti, ga shi ta kumbura ta rabu da jikin ginin. Maginin ya ce siminti ba ya barin ƙasa ta yi numfashi, danshi yakan taru a bayansa ya ci bangon a ɓoye, sai ranar da zai zube. Gindin katangar da take bakin kwata ya zaizaye. Salga kuma ta yi kusa da rijiya ƙwarai, ruwan bai kamata a sha ba. Ya tuna mana ruwan saman watan Agusta na 1988, wanda ya ɓalle madatsar Bagauda can kusa da mu, ya kuma rushe gidajen ƙasa masu yawa a Kano. Ya ce wannan gida ya tsaya a shekarar domin a lokacin maigidan yana da rai, ba ya barin damina ta same shi bai yi yaɓe ba, bai kuma gyara indararo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wanda Ya Gina Shi

Babban magajin, wani dattijo mai furfura, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya ba mu labarin gidan kamar yadda ya ji daga mahaifinsa. Kakansa ne ya gina shi kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Sana'arsa fataucin rawani ɗan Kura. Da Alhaji ya ji an ambaci Kura sai ya gyara zama. A wancan zamani masaƙa suna saƙa ƙyalle siriri ƙwarai, a ɗinke shi, a kai Kura da ƙauyukan kewaye a tsoma shi a ramin baba sau da yawa har ya yi baƙi, sa'an nan masu bugu su barbaɗa masa shuni su yi ta dukansa a kan gungume har ya riƙa walƙiya. Buzaye ba su da abin da suke daraja kamar wannan rawani, shi suke naɗawa su rufe fuska, shuninsa yana kama fatarsu suna murna. Dattijon ya ce a wannan zaure ake kwance kaya a ƙirga, fataken Agadas kuma a ɗakin baƙin nan suke kwana har su gama ciniki.

Labarin nasa ya yi daidai da abin da masu tarihi suka rubuta. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya zo Kano a shekarar 1851, ya ga yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Ya ƙiyasta cewa abin da ake samu daga wannan sana'a a shekara ya kai wuri miliyan 300. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne, aikin a cikin gidaje ake yinsa, kowane iyali yana samun rabonsa. Da jirgin ƙasa ya zo sai kasuwa ta juya ta koma kan gyaɗa, zamanin da Alhassan Ɗantata ya yi suna ke nan. Ɗan mai gidan nan shi ma ya shiga sayen gyaɗa, da ribarta ya ɗora benen. Watau zauren na shuni ne, benen na gyaɗa, ga shi kuma yau kuɗin shinkafa ya zo neman gidan. Dukansu uku daga gumin mutanen karkara suka fito.

Me ya sa za a sayar? Dattijon ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce gado ne. Magada sun fi ashirin, maza da mata, waɗansu a Legas, waɗansu a sababbin unguwanni na bayan gari, kowa da bukatarsa. Ba a iya yanka zaure a raba. Ba kuma wanda yake da ƙarfin biyan sauran ya riƙe gidan. Da kowa ya zama mai gida sai aka rasa mai yaɓe. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Lissafin Dillali

Dillali bai damu da wannan duka ba, kuma ba laifinsa ba ne, la'adarsa yake nema. Ya jawo Alhaji gefe ya ce, "Alhaji, filin kake saya, ginin kyauta ne. Kwana uku an rushe. Ka zuba bulo, ka yi sito a gaba 'yan Kurmi su kama haya, ka ɗora bene a sama." Haka ake yi wa yawancin irin waɗannan gidaje, kuma kowa ya san dalili. Gidan bulo ba ya neman yaɓe kowace shekara, maginan ƙasa sun tsufa 'ya'yansu sun koma aikin siminti, azara ta yi tsada domin giginya ta ragu, mutane kuma suna ganin gidan ƙasa alamar talauci ne. Ganuwar ma ba ta tsira ba. An sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya take nema wa shiga kayan tarihin duniya tun 2007, amma an ci gefenta da gine-gine, an kuma rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi, aka sake gina wata.

A wani wuri kuwa abin nan da muke rushewa shi ake zuwa kallo. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas, wanda duk ginin ƙasa ne, cikin kayan tarihin duniya. A 1986 an ba masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar babbar kyautar gini ta Aga Khan, wanda ya gina shi kuwa maginin ƙauye ne, Falke Barmu. A Kano ma Gidan Makama yana nan an mai da shi gidan tarihi, haka Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Amma waɗannan hukuma ce take kula da su. Gidan talaka ko na ɗan kasuwa a cikin lungu ba shi da mai tsaronsa sai wanda ya saye shi.

Takardu Da Maƙwabta

Da aka zo kan aikin da aka kira ni dominsa, sai aka kawo takarda ɗaya tak, ta rabon gado. Gidan ba shi da takardar mallaka ta gwamnati, kamar da yawa daga cikin gidajen birni, shaidarsa ita ce mai unguwa da dattawan lungu. Na ba Alhaji shawara uku, ina kuma ba duk mai karatu. Ta fari, kada a biya ko kwabo sai kowane magaji ya sa hannu, har matan da suke aure a wani gari, gama mutum ɗaya da aka manta yana iya ta da ciniki bayan shekaru. Ta biyu, a rubuta takardar ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, a kuma nuna iyaka a fili, musamman katangar da aka yi tarayya da maƙwabci, da inda indararo yake zuba, da hanyar kwata. Ta uku, tun da dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, a daure a nemi takardar mallaka, ko da za ta ɗauki lokaci.

Amma akwai abin da ba ya cikin takarda. Da la'asar, muna shirin tafiya, sai dattawan lungu uku suka shigo zaure suka zauna. Ba su yi maganar kuɗi ba. Ɗaya ya ce a wannan zaure ake raɗin sunan duk yaron da aka haifa a lungun, a nan kuma ake zaman makoki, domin ba wani mai faɗinsa. Wani ya ce da dare yara sukan taru a nan da allunansu. Na ukun ya ce akwai wata tsohuwa a gidan baya, ba ta da kowa, tun zamanin maigida daga wannan gida ake aika mata tuwon dare, kuma a rijiyar nan take ɗiban ruwan wanki. Sa'an nan suka yi shiru suna dubansa. Ba su roƙe shi kome ba, sun dai nuna masa cewa gidan yana da bashin da ba a rubuta ba, wanda ya saya kuwa ya saya har da bashin. A madadin haka, 'ya'yansa biyu za su sami iyaye a kowace ƙofa, masu tambayar inda suka kwana in ba a gan su ba. Uba da yake noma a Bunkure, 'ya'yansa suna birni, ya san darajar wannan.

Alhaji bai ce kome ba sai da muka haye gadar Tamburawa. Sa'an nan ya ce, "Malam, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Bayan wata biyu magada suka gama sa hannu, ya biya. Ɗakunan baya da suka lalace ya rushe su ya yi na bulo, ya haƙa sabuwar salga nesa da rijiya. Zaure da shigifa da bene kuwa ya bar su, ya sa tsohon maginin ya ɓamɓare simintin nan ya yi yaɓe, ya kuma ware 'yan buhunan shinkafa kowace kaka domin wannan aiki. Ko 'ya'yansa za su riƙe bayansa, wannan sai abin da Allah ya yi. Maginin ya tsufa, yaro ɗaya ne kawai yake bin sa yana koyo.

Na san yawancin masu karatunmu ba a cikin birnin Kano za su nemi gida ba. Amma tsofaffin gidaje suna nan a Sabon Gari, da Wusasa, da Tudun Wadan Zariya, da ƙauyukanmu, inda iyayenmu suka gina da hannunsu, yanzu 'ya'ya sun watse ana shawarar sayarwa ko rushewa. In kai mai saye ne, ka je da magini wanda ya san ƙasa, ka koma ka ga gidan da damina, ka kuma zauna da mutanen lungu kafin ka zauna da dillali. In kai magaji ne, ku taru tun gidan yana tsaye ku sa mutum ɗaya ya zama mai kula da shi, kowa ya kawo abin yaɓe, ku kuma sa yaranku su rubuta labarin wanda ya gina shi tun tsofaffi suna da rai. In kuwa sayarwar ta zama dole, ku dubi halin mai saye kamar yadda kuke duban kuɗinsa, gama ku za ku tafi, maƙwabta ne za su zauna da shi. Allah ya haɗa mu da maƙwabta na gari, ya sa mu ma mu zama haka ga waɗansu.